Gwajin ƙanjamau a Zamfara: asibiti, lab na kuɗi, ko gwajin kai a ɗaka?

Wanda yake son sanin ko yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV a Gusau, ko Ƙauran Namoda, ko Talatar Mafara, hanyoyi uku ne a gabansa yau. Ko ya je sashen gwaji na asibitin gwamnati, ko ya biya kuɗi a ɗebi jininsa a lab, wato ɗakin gwaji mai zaman kansa, ko ya sayi abin gwajin kai a babban kemis ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Yawancin mutanenmu da abu biyu suke auna zaɓin: nawa zan kashe, kuma wa zai gan ni. Ban raina ko ɗaya cikinsu ba. Amma akwai tambaya ta uku da ta fi su nauyi, ita kuma aka fi mantawa da ita: idan sakamako ya fito, wa ke zaune kusa da ni, me ya sani, kuma ina zai kai ni daga nan? Da wannan tambayar zan auna hanyoyin.

Sai an ɗan taɓa lissafi kafin maganar ta fito fili. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, wanda ake kira NAIIS, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kuma jimillar masu ita a ƙasar ta kai kusan miliyan 1.9. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ita ce mafi ƙaranci, kashi 0.6. Abin godiya ga Allah ne. Sai dai wannan ƙarancin yana da wata illa da ba kowa ya lura da ita ba. Babu abin gwajin da ba ya kuskure ko kaɗan. A ɗauki mutum 1,000 a wuri irin namu, a ce 6 ne ke da ƙwayar, 994 ba su da ita. Idan abin gwajin yana kuskure a kan mutum ɗaya cikin ɗari, kusan mutum 10 masu lafiya za su ga layi biyu, wato gwajin ya nuna kamar suna da ita. Ka ga ke nan cikin 16 da gwajin farko ya nuna, waɗanda ba su da komai sun fi masu ita yawa. Misali ne kawai, kayan gwaji da dama sun fi haka inganci, amma ya isa ya nuna dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 kada a shaida wa mutum yana da ƙwayar sai an gwada shi da kayan gwaji iri uku daban-daban, kowanne ya nuna. A wurinmu, gwaji ɗaya tilo ba hukunci ba ne. Duk hanyar da za ta bar mutum da gwaji ɗaya ta sallame shi, ta bar shi a tsakiyar hanya.

Asibitin gwamnati

A asibitin tarayya na FMC Gusau, da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi, gwajin ba daga tsira allura yake farawa ba, daga zama yake farawa. Mai ba da shawara zai tambaye ka abin da ya kawo ka, da lokacin ƙarshe da kake jin ka shiga haɗari, ko ta saduwa ba kariya, ko ƙarin jini, ko allurar da wani ya yi amfani da ita, ko askar wanzami da ba a tafasa ba. Zai faɗa maka ma'anar kowane sakamako tun kafin ka gan shi, ya nemi yardarka, domin ba a gwada mutum bisa tilas. Wanda ya san aikinsa yakan yi wata tambaya da nake ganin ta fi duk sauran amfani: "Malam, idan sakamakon ya zo ba yadda kake fata ba, wa za ka fara faɗa wa?" Da yawa a nan suke yin shiru, domin ba su taɓa tunanin haka ba. Gara a yi wannan shirun kafin sakamako da a yi shi bayansa.

Gwajin kansa ba ya da wahala. Ɗigon jini ne daga yatsa, a jira minti 15 zuwa 20. Idan na farko bai nuna komai ba, shi ke nan, a yi maka bayanin lokacin da ya kamata ka sake. Idan ya nuna, nan take a ɗauko wani iri daban a sake, ba sai ka je ko'ina ba. Determine da Uni-Gold da Stat-Pak sunayen kayan gwaji ne da aka daɗe ana gani a teburin ma'aikatan nan, kuma yawansu ba ado ba ne, kowanne yana tantance na gabansa ne.

Inda asibiti ya yi wa sauran biyun nisa shi ne abin da ke biyo baya. Tun 2016 tsarin Najeriya ya koma a fara wa kowa magani da zarar an tabbatar, ba sai an jira garkuwar jiki ta faɗi ba kamar da. Yawancin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, haɗin magunguna uku, kuma kyauta ake bayarwa. Za a duba ko akwai tarin fuka, domin shi ne abokin tafiyar wannan cuta da ya fi kisa. Bayan kamar wata shida a auna yawan ƙwayar a jini. Wanda ya riƙe maganinsa har ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ta kuma zauna a haka, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Wannan ba lallashi ba ne, abu ne da manyan bincike suka tabbatar. Mutumin da aka faɗa wa haka a cikin mintunan farko daban yake fita da wanda aka miƙa wa takarda kawai. Na farko ya fita da tunanin yadda zai tsara shan magani, na biyu ya fita yana lissafin likkafani. A nan ne kuma ake taimaka wa mutum ya shirya yadda zai sanar da iyalinsa, a gwada yara idan da buƙata, a haɗa shi da ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar, irin waɗanda ke ƙarƙashin NEPWHAN, uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, ya ga da idonsa mutanen da suka shekara goma suna noma da kasuwa da haihuwa.

Aibin asibiti kuwa kowa ya san shi. Garuruwanmu ƙanana ne, ma'aikacin da ke riƙe da rajista wataƙila ɗan unguwarku ne ko surukin maƙwabcinka. Wani sashen ma wurin da aka ajiye shi kaɗai tonon asiri ne, duk wanda aka ga ya nufi ƙofar an gama yi masa fassara. Ga layi, ga ranar da za a ce kayan gwaji sun ƙare, ga ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa har ya dunƙule shawarar minti ashirin ta koma biyu. Dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV ta 2014 ta haramta bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana mai ɗaukar aiki ya sa gwajin ya zama sharaɗi. Amma doka ba ta mayar da maganar da ta riga ta fita. Saboda haka ban ga laifin mutumin Tsafe da ya zaɓi ya yi nasa a Gusau ba, ko na Gusau da ya bari sai ya je Sakkwato ko Zariya. Babu inda aka ce dole sai a garinku. Kana kuma da damar cewa a canza maka ma'aikaci idan ka san wanda ke zaune.

Lab na kuɗi

Saurinsa ne ke jan mutane, da rashin layi, da kuma cewa wanda ya shiga lab ba a san ko gwajin taifot ya je yi ba. Wasu manyan lab ɗin suna da wani abu na gaske da ya fi na yatsa: gwajin jinin jijiya da na'ura, wanda ke iya gano ƙwayar tsakanin kwana 18 zuwa 45 bayan kamuwa. Ga wanda hankalinsa ya tashi kan abin da ya faru wata guda da ya wuce, wannan ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ƙananan lab da yawa, irin tsinken gwajin yatsa da asibiti ke yi kyauta shi suke amfani da shi, su karɓi kuɗi, su rubuta kalma ɗaya ta Turanci a takarda, su like ambulan. Miƙa wa mutum sakamako irin wannan ba bayani kamar zuba masa garwashi ne a tafin hannu a ce ya wuce gida.

Ba dukansu ne haka ba, kuma ana iya gane nagari tun kafin a ba da jini. Ka tambayi wane irin gwaji za su yi. Ka tambayi ko suna sakewa da wani iri daban idan na farko ya nuna. Ka tambayi wa zai zauna ya yi maka bayani, da kuma asibitin da suke tura mutane. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ya ɓata rai ba, ana iya yarda da shi. Wanda ya ce "kai dai kawo hannu", ka riƙe hannunka da kuɗinka.

Inda lab na kuɗi ya fi yin ɓarna shi ne gwajin kafin aure. Gwajin kansa alheri ne, kuma ya karɓu a ƙasar Hausa, har jihar Kano ta mayar da shi doka a watan Mayun 2024, tare da gwajin ciwon hanta da na rukunin jinin sikila. Yadda ake yinsa ne ke da gyara. An sa rana, an kai lefe, saura mako guda ɗaurin aure, sai a tuna da takarda. A tura yarinya da ƙanwar uwarta, a karɓo ambulan a miƙa wa waliyyi ya buɗe a zaure gaban mutane. Idan an yi rashin sa'a gwaji ɗaya ya yi kuskure, an fasa aure, an ɓata sunan ɗiyar mutane a gari, kuma ba wanda zai bi gida-gida daga baya ya ce ashe ba haka ba ne. Ta ɗaya gefen kuma ana jin labarin angon da ya tura abokinsa ya ba da jini da sunansa. Takardar da ba a ga lokacin da aka ɗebi jininta ba, ba ta kare kowa.

Gwajin kai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2016, kuma yanzu ana samunsa a manyan kemis, wani lokaci ma'aikatan lafiya su raba kyauta. Wanda aka fi sani shi ne OraQuick, ba ya buƙatar jini. Za ka goga kan tsinken a dasashinka na sama da na ƙasa, ka tsoma shi a 'yar kwalbar ruwan da ke cikin kwalin, ka duba bayan minti 20, kada ya wuce 40. Layi ɗaya a wajen harafin C yana nufin bai ga komai ba. Layi biyu, ko da na biyun ya yi dishi-dishi, yana nufin sai an je asibiti an tabbatar. Idan layin C bai fito ba, gwajin ya lalace. Wani zai ce to ashe ana ɗaukar cutar ta miyau? A'a. Ba ƙwayar yake nema ba, alamar da garkuwar jiki ke fitarwa don yaƙar ta yake nema. Cin abinci kwano ɗaya da shan ruwa moɗa ɗaya ba sa yaɗa ta.

Ina ganin amfaninsa sosai ga maza. Akwai magidancin da ko me za a yi ba zai bi layin asibiti ba yana jin ƙalau. Akwai direban da ke kwana a hanya, da matashin da ke haƙar zinari a dazukan Anka ko Maru ko Bukkuyum, wata da watanni bai ga asibiti ba. Ga irin waɗannan, ba tsakanin gwajin kai da asibiti zaɓin yake ba, tsakanin gwajin kai ne da rashin gwaji ɗungurungum. Idan ya ga layi ɗaya, ya samu natsuwa. Idan ya ga biyu, aƙalla yanzu yana da dalilin zuwa.

Amma a dubi halin da yake barin mutum. Shi kaɗai ne a ɗaki, wataƙila da tsakar dare, da layi biyu a hannu, babu mai ce masa wannan ba hukunci ba ne tukuna. Shawarata, kada a yi shi da dare, kada a yi shi ranar da asibiti ba ya aiki sosai, kuma a riga a yanke inda za a je idan ya nuna. A duba ranar lalacewarsa da lambar NAFDAC, a kuma guji wanda ya sha rana a shago, domin zafin Zamfara na watan Afrilu ba ya barin kayan gwaji lafiya. Wanda ya riga ya fara shan magani kada ya taɓa shi. Maganin yana iya sa ya nuna layi ɗaya, mutum ya ɗauka ya warke ko rubutun da ya sha ya yi aiki, ya ajiye ƙwayoyinsa, cutar ta dawo da ƙarfi. Sannan ba abin da za a tsare mace ko ɗa ko yaron shago da shi ba ne a ce "yi a gabana". Wannan ba gwaji ba ne, cin zali ne.

Abu ɗaya ya haɗa na yatsa da na baki: ba sa ganin sabon kamuwa. Jiki yana ɗaukar kwana 23 zuwa 90 kafin alamar da suke nema ta bayyana. Wanda ya shiga haɗari makon jiya ya ga layi ɗaya yau, bai san komai ba tukuna, sai ya sake bayan wata uku. Wannan ma wani dalili ne da ya sa gwajin mako guda kafin biki bai wadatar ba.

To wa ya kamata ya bi wace hanya?

Masu shirin aure, saurayi da budurwa ne ko bazawari da bazawara, ga abin da nake ganin ya fi: tun kafin a sa rana, kowa ya je shi kaɗai, a asibiti ko da gwajin kai, ya san matsayinsa ba idon kowa. Bayan nan su je asibiti tare, a ɗebi jinin kowa a gaban ɗan'uwansa, a yi musu bayani tare, a sake idan biki ya matso. Zuwan farko yana ba wanda abin ya shafa damar ya tabbatar, ya natsu, ya zaɓi ko zai faɗa da bakinsa ko zai janye cikin mutunci ba tare da gari ya ji dalili ba. Zuwa na biyu yana toshe ƙofar takardar bogi. Abin da waliyyi ke buƙata shi ne tabbacin an yi gwajin kuma su biyun sun san sakamakon juna. Idan ɗaya na da ita ɗaya ba shi da ita, ba nan take maganar aure ta mutu ba. Akwai ma'aurata irin haka da suke zaune lafiya, mai ita yana shan magani, ɗayan kuma ana iya ba shi maganin kariya da ake kira PrEP, 'ya'yansu kuma lafiya lau. Ko za a yi ko za a fasa, nasu ne da iyayensu, amma a yanke bisa sani. Ɓoyewa kuwa a shiga da ita gidan wani, addininmu bai yarda da shi ba. Ba cuta, ba cutarwa.

Gidan da ke da mata biyu ko uku, asibiti kawai. Binciken 2018 ya nuna masu ɗauke da ƙwayar kashi 1.9 ne a mata, 0.9 a maza, kuma mata ne aka fi gwadawa saboda awon ciki. Don haka sau da yawa mace ce ake fara ganowa, sai a ce ita ta kawo, alhali wanda aka fara gwadawa ba lallai shi ya fara kamuwa ba, gwajin kuma ba ya nuna wa ya sa wa wani. Wannan magana daga bakin ma'aikacin lafiya ya kamata maigida ya ji ta, ba daga bakin matar da ke tsoron saki ba. Mai ba da shawara yana iya kiran mijin ya ce, "Alhaji, lafiyar cikin nan ce ta sa muke son mu duba ku duka", a gwada shi, a bi da uwargida da amarya ɗaya bayan ɗaya, kowace a sirrinta. Tsinken kemis ba zai iya wannan ba, ambulan ɗin lab ma haka.

Mai ciki ma asibiti, kuma da wuri. Idan ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari na uwaye masu ƙwayar suna kamuwa, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani, adadin yana sauka ƙasa da 5. Jaririn kuma ba a yanke masa hukunci da gwajin tsinke kafin ya kai wata 18, domin alamar uwarsa tana jininsa ko da bai kamu ba. Nasa gwajin daban ne, ana ɗiga jinin dunduniyarsa a kan takarda yana da mako shida a aika babban ɗakin gwaji.

Akwai kuma waɗanda halin da jiharmu ke ciki ya sa dole a ambace su: mata da 'yan mata da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe, a ƙauye ko a daji. A nan ba a tsaya zaɓe ba, kuma ba a jiran wata uku. Akwai maganin da ke hana ƙwayar kama jiki, PEP, amma sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Iyaye da yawa kunya ke sa su ɓoye yarinya a ɗaka har kwana ukun su wuce. Inna, Baba, ku kai ta asibiti ranar da ta dawo. Ko kwana ukun sun riga sun wuce a kai ta, akwai sauran cututtuka da raunuka da za a duba, akwai kuma buƙatar wanda zai saurare ta.

Saura mutumin ƙauye mai nisa, wanda fitowa Gusau ko Gummi ko Shinkafi kasada ce da rai saboda hanya. Shi ya fara tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, da yawa suna yin gwajin yatsa, musamman inda ake awon ciki. In babu, ya sa a sayo masa gwajin kai, amma ya yi shi da safiyar ranar kasuwa da motoci ke fita, yadda idan ya nuna layi biyu zai bi ayari ya je a tabbatar a ranar. Idan an tabbatar, ya faɗa wa ma'aikatan gaskiyar nisan garinsu da halin hanyar. Wanda ya daidaita a kan magani ana iya ba shi na wata uku har zuwa shida a zuwa ɗaya, idan kuma rikici ya tashe shi daga garinsu, katinsa ko takardar canjin asibiti ta isa a ci gaba da ba shi a duk inda ya sauka.